Ɗakin Mugun Labari

A sashen baya na asibitin, inda ake kwantar da waɗanda shaye-shaye ya taɓa wa ƙwaƙwalwa har suka fara kai duka, akwai ƙa'ida guda da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kanta. Kafin a sallami majinyaci, sai danginsa sun zo sun faɗa masa duk wani mugun labari da ke jiransa a gida. A nan za su faɗa, cikin wani ɗan ɗaki mai tebur ɗaya da kujerun ƙarfe da aka ɗaure da noti a jikin siminti. Ma'aikata ba sa shiga, domin dangi ba sa sakin baki a gaban farar riga. A bayan ƙofa suke tsayawa suna kasa kunne.

Likitan sashen ne ya kafa ƙa'idar. Ya lura cewa da yawa daga cikin waɗanda ake dawo masa da su a ɗaure ba ƙwaya suka fara komawa ba. Gida suka isa suka tarar an sayar da babur, ko an ba wani ɗakinsu, kowa kuma ya yi gum sai da suka gani da idonsu. Ra'ayin Likita shi ne, in har mutum zai yi fashe-fashe, gara ya yi a inda babu abin fasawa. Wanda ya ji labarinsa ya zauna lafiya, a ranar yake tafiya gida. Wanda ya tashi da faɗa, allura ce da ɗakin katifa, wanda aka lulluɓe bangonsa da katifu, maganar sallama kuma sai wani jiƙon.

A hukumance sunan wurin ɗakin iyali. Majinyata suna ce masa ɗakin mugun labari.

Ranar Laraba layi ya zo kan Tartsatsi. Mai walda ne, gajere mai faɗin ƙirji, kuma ba don sana'ar kaɗai aka laƙaba masa sunan ba. Ya fara shan ƙwaya ne don ya jure aiki, ya ƙara da maganin tari don ya samu barci, daga baya barcin ya ƙaurace masa, ya fara jin maƙwabta suna zaginsa ta cikin rediyon da ba a kunna ba. A makonsa na farko a sashen ya karya benci, ya fasa wa wani nas leɓe, ya kuma ciji ma'aikacin da ake kira Sannu-Sannu a dantse. Yanzu watanni sun shuɗe. Rediyo ya yi shiru, yana haɗiye maganinsa ba sai an leƙa ƙarƙashin harshensa ba, kuma shi ke gyara wa sashen ƙafar gado in ta saki.

Sannu-Sannu ƙato ne mai magana ƙasa-ƙasa, shi ne shugaban ma'aikatan da ke riƙe majinyaci in ya birkice. Da safe ya sami Tartsatsi a bakin famfo yana wanke fuska, ya ce su sake bita.

"In suka faɗi abu, me za ka yi?"

"Tafin hannu a kan gwiwa. In ja numfashi. In kurɓi ruwa."

"Sannan?"

"In ce na ji."

"In suka faɗi wanda ya fi shi muni fa?"

"In ce na ji."

"In aka ce an mayar da shagonka wurin aski?"

"In ce na ji, in shiga a yi mini aski."

Sannu-Sannu ya naɗe hannun rigarsa ya nuna masa tabon haƙora. "Oga, ka ga aikinka? Har yau matata ba ta yarda a wurin aiki na samo shi ba. Kada ka yi mini na biyu, ba ni da bayanin da zan yi."

"Ai ban ji daɗinka ba, ba zan ƙara ba," in ji Tartsatsi.

Da hantsi dangi suka iso, mutum biyu: matarsa da yayansa. Yaya malamin koyar da tuƙi ne, mutumin da ya saba yana buɗe baki ana taka burki. Tun daga ƙofar sashen ransa ya fara ɓaci, saboda Sista, shugabar nas-nas, ta miƙo masa kwandon roba ta ce ya zuba waya da makullai da biro da agogo.

"Da bel, Yallaɓai."

"Bel kuma? Ni ba majinyaci ba ne."

"Mun sani. Bel ɗin ne bai sani ba. Duk wanda ya kama shi zai yi masa aiki."

Yaya ya zare bel. Wandon an ɗinka shi ne da lissafin tumbi, tumbin kuma ya ɗan sauka a 'yan watannin nan, don haka ya shiga sashen hannu ɗaya a ƙugu. Matar Tartsatsi ta ba da jakarta da fil ɗin mayafinta. Ta saba, tana zuwa duk mako.

A hanya Yaya ya tsaya ya dubi ma'aikata huɗun da suka jeru a jikin bango.

"Waɗannan ne za su shigo in ya tashi?"

"Su ne."

"Suna da sauri?"

"Duk mako suke atisaye," in ji Sista. "Kowa ya san gaɓarsa. Ko daga barci aka tashe su, na hannun dama ba zai kama na hagu ba."

Yaya ya gyaɗa kai, ya ce ya kwana biyu bai runtsa ba yana shirya yadda zai faɗa. Ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa.

Aka shigo da Tartsatsi da kofin roba cike da ruwa, aka rufe ƙofa. Suka gaisa. Ya tambayi yara, matarsa ta ce suna lafiya, ƙaramar ta fara tafiya. Ya ce madalla. Ya ɗora tafin hannu a kan gwiwa ya ce, "To Yaya, bismilla."

Yaya ya gyara murya. "Yaron shagonka ya tafi. Ya buɗe nasa a layin baya. Masu kawo maka aiki rabi sun bi shi."

Tartsatsi ya ja numfashi, ya kurɓi ruwa. "Na ji."

Yaya ya ɗan dakata yana jiran sauran. Babu saura.

"Wanda ya ba ka hayar shago kuma ya raba shagon biyu. Ya sa tela a gefen taga."

"Na ji."

"Tela fa na ce. Da keken ɗinki da yadudduka, inda kake tara ƙarafa."

"Na ji, Yaya. Sai dai ya riƙa kula da yadinsa in na fara aiki."

Matarsa ta sunkuyar da kai. Yaya ya share gumi da bayan hannun da ba ya riƙe da wando, ya waiwaya ya dubi ƙofa don ya tabbatar tana nan. Babban labarin ne ya rage.

"Injin waldarka. Wani abokina ya zo zai gyara ƙarfen motar koyo. Na ce ga inji yana zaune ba ya komai. Na ba shi. Ya jona shi inda bai kamata ba. Ya ƙone."

Wannan karon numfashin ya fi tsawo. Yatsun Tartsatsi suka ɗan danne gwiwa, suka saki. Ya kurɓi ruwa sau biyu.

"Ƙurmus?"

"Ƙurmus. An kai wa mai gyara, ya ce ko ƙarfen jikinsa ba ya so."

"Na ji."

"Ka ji me?"

"Na ji injin ya ƙone."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Yaya. Ƙaddara ce."

Yaya ya zo ne da shirin a zage shi. Ya tanadi amsar zagi, ya tanadi amsar gori, har ya tanadi inda zai sa ƙafa in ta kai ga gudu. Abin da bai tanada ba shi ne ƙanin da tun suna yara suke dambe a kan cokali ya dube shi ya ce ƙaddara ce.

"Raina ni kake yi," in ji shi.

"Wane ni."

"Na ƙona maka inji kana ce mini na ji, na ji, kamar ɗan koyo da ba ya fahimtar komai. Ka buɗe baki ka faɗi abin da ke ranka."

"Yaya, ka yi haƙuri," in ji matar.

"Ke ki bari, tsakanina da ƙanina ne. Wato ni ban kai a yi fushi da ni ba ke nan? Ni da na ɗauko ka a bayan mota kana harbin gilashi? Ni da nake zirga-zirga har na rame, wando ba ya zama a jikina?"

Tartsatsi ya tura masa kofin a hankali. "Yaya, kurɓi ruwa. Ka ɗora hannu a kan gwiwa. Yana taimakawa."

Nan ne abin ya ƙwace. Yaya ya make kofin ya bugi bango, ya daki tebur da tafin hannu, ya miƙe yana cewa yau sai ya fasa wa wani kai a ɗakin nan. Ya rungumi bayan kujera da hannu biyu zai ɗaga. Kujerar ba ta san da zancen ba. Wani abu ya ce ƙas a ƙugunsa, wando kuma da aka sake shi ya kama hanyarsa zuwa gwiwa.

A bayan ƙofa ba a ganin kowa, ji kawai ake yi. 'Yan'uwan nan biyu kuwa muryarsu ɗaya, in sun ɗaga ta ko mahaifiyarsu sai ta leƙo take bambancewa. Ma'aikata suka ji kofi ya bugi bango, suka ji tebur, suka ji za a fasa kai. Sannu-Sannu ya ce "To," ya tura ƙofa.

Atisayen ya yi aikinsa. Suka shigo a jere, suka kewaye mutumin da ke tsaye yana huci rungume da kujera kamar yadda ake kewaye ginshiƙi, suka nufi mutumin da ke zaune. Ɗaya ya kama hannun dama, ɗaya na hagu, ɗaya ya durƙusa ya haɗa ƙafafu, Sannu-Sannu ya tallafi kai ta baya. Wani nas da ya biyo su ya tsaya a gaban Yaya ya buɗe hannuwa yana kare shi.

"Yallaɓai, matsa baya kada ya ji maka ciwo."

"Ku sakar mini shi," in ji Yaya, yana ƙoƙarin leƙowa ta kafaɗar nas ɗin.

"Ka yi haƙuri, Yallaɓai, mun san ka tsorata."

Duk sashen an san abu ɗaya game da Tartsatsi: ba ya jure a kama shi ta baya. Duk ɓarnar da ya yi a makon farko, daga nan ta faro. Yanzu ga hannuwa takwas a jikinsa, bai yi komai ba. Jijiyar wuyansa ta tashi. Haƙoransa suna daidai dantsen Sannu-Sannu, 'yar tazarar da ke tsakani ba ta kai tsawon yatsa ba.

"Sannu, Oga, sannu," in ji Sannu-Sannu a kunnensa. "Kana tare da mu. Ja numfashi."

"Ina ja," in ji Tartsatsi ta tsakanin haƙora. "Kun matse inda yake shiga."

Sista ta shigo da faranti, allura a kai. Likita yana biye da ita. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi ruwan da ke gangarowa a bango, ya dubi majinyacinsa a hannun mutum huɗu, ya ɗan girgiza kai.

"Kash. Na sa rai da kai yau. Wane labari ne ya tayar da shi?"

"Ina jin na injin ne," in ji Sannu-Sannu.

"Likita, ban tashi ba," in ji Tartsatsi.

Kowa a sashen yakan faɗi haka in an riƙe shi, don haka ba wanda ya amsa. Sista ta cire murfin allura. Yaya ya buɗe baki, ya dubi allurar, ya dubi ƙattin, ya rufe. Ya sunkuya neman wandonsa, ƙugun ya hana shi kaiwa.

Mutum ɗaya ya rage da ya ga abin da ya faru. Matar Tartsatsi tana zaune a kujerarta ba ta motsa ba. Watannin nan ta yi barci mai nauyi, yara sun daina firgita in an buga ƙofa, kuma ba wanda zai zarge ta in ta yi shiru. Tartsatsi bai kira ta ba. Idonsa yana kan silin.

"Sista, dakata," in ji ta. "Ba Baban yara ba ne. Yaya ne."

"Yaya ne me?"

"Shi ya jefa kofi. Shi ya daki tebur. Shi ya ce zai fasa kai. Wannan tun da ya zauna hannunsa yana kan gwiwa, ruwa ma ya miƙa masa."

Kawuna suka juya ɗaya bayan ɗaya. Nas ɗin da ke kare Yaya ya waiwaya ya dubi abin da yake karewa: dattijo a sunkuye, yana haki, hannu ɗaya har yanzu a kan kujera, gajeren wando mai ratsi a fili. A hankali ya sauke hannuwansa.

"Ku sake shi," in ji Likita. "Ɗaya bayan ɗaya, ƙafa tukuna."

Suka sake shi kamar yadda aka koya musu. Tartsatsi ya gyara wuyan rigarsa, ya mayar da tafin hannu kan gwiwa. Sannu-Sannu ya zagayo gabansa ya tsuguna.

"Oga, mun yi maka laifi. Ka yafe."

"Na ji," in ji Tartsatsi.

Na hannun dama ya dubi Likita, ya nuna Yaya da haɓa. "Wannan fa? A kama?"

"Ni lafiyata ƙalau," in ji Yaya da sauri. "Raina ne ya ɗan ɓaci."

"Kowa da haka yake zuwa mana, Yallaɓai," in ji Sista. Ta mayar da murfin allura. "A taimaka masa da wandon, a kawo masa ruwa da maganin ciwon baya."

Mutum biyu suka zaunar da Yaya a kujerar da ya so ɗagawa. Ba wanda ya ce masa ya ɗora hannu a kan gwiwa. Da kansa ya ɗora, don nan ne kaɗai bayan yake bari.

Likita ya jingina da bango, ya ce daga yau za a yanka taga a jikin ƙofar nan, a sa gilashin da ba ya fashewa. Sannan ya juya ga matar.

"Labarin ya ƙare, ko akwai saura? In akwai, nan ne wurinsa."

Ta murza gefen mayafinta. "Akwai guda. Nawa ne, ba na Yaya ba."

"Mu fita?"

"A'a, ku tsaya." Ta dubi mijinta. "Baban yara, ka tuna ƙofar gida? Ranar da aka kawo ka, ka ɓalle ta ka jefar a titi."

"An faɗa mini."

"Ba za mu kwana a buɗe ba. Na sa an mayar."

"Kin kyauta. Wa ya mayar?"

"Mai waldan bakin kasuwa."

Tartsatsi bai ce na ji ba. Ya nemi kofi, babu kofi. Ya dubi matarsa, ya dubi Likita.

"Wanda yake liƙa ƙarfe kamar yana shafa man shanu a burodi?"

"Shi kaɗai na samu."

"Ya shiga gidana da injinsa. Ya yi walda a ƙofata. Maƙwabta suna kallo."

"Wasu ma sun karɓi lambarsa," in ji ta. "Gara in faɗa duka."

Ma'aikatan suka gyara tsayuwa ba tare da sun sani ba. Sannu-Sannu ya ɗaga musu yatsa, suka koma jikin bango. Tartsatsi ya miƙe a hankali, tafin hannunsa a buɗe inda kowa zai gani.

"Likita, ɗakin katifa akwai kowa a ciki?"

"Babu."

"A ara mini shi kaɗan. Kada a kulle, kada a raka ni."

Likita ya matsa ya ba shi hanya. Suka ji takunsa a baranda, suka ji ƙofa ta rufu, sannan suka ji ana dukan katifa. Duka ne mai tsari, irin na mai sana'a, ana yi ana ambaton wani mutum da rashin iya riƙe wayar walda. Yaya ya saurara da kyau, ya ce a hankali, "Wannan shi ne ƙanina." Da alama sai yanzu hankalinsa ya kwanta.

Bayan ɗan lokaci dukan ya tsaya. Famfo ya zuba. Tartsatsi ya dawo fuska a jiƙe, ya tsaya a bakin ƙofa.

"Na ji," in ji shi.

Sista ta dubi Likita. "Wannan ya shiga lissafin tashi da faɗa?"

"Wa ya kai shi?"

"Shi ya kai kansa."

"Wa ya fito da shi?"

"Shi."

"To a haɗa masa maganinsa. Asibiti duk mako biyu, kuma ranar da barci ya ƙi zuwa kada a jira, a zo." Ya dubi matar. "Kin yarda ya bi ki?"

"Akwai tsohuwar katifa a ɗakin ajiya," in ji ta. "Zan jingina masa ita a bango."

Da azahar suka fita su uku. Yaya yana gaba, ya karɓi bel ɗinsa amma bai iya sawa ba, ya rataya shi a wuya yana tafiya a karkace. Sannu-Sannu ya rako su har ƙofar sashen riƙe da ledar magani, ya miƙa wa matar, ya ce wa Yaya in ya ji abin yana dawowa, ranar Litinin ake ganin sababbi.

A bakin titi, suna jiran mota, matar ta yi magana ba tare da ta dubi mijinta ba.

"Ƙofar ta ɗan karkace. Sai an ɗaga ta take rufuwa."

"Na sani."

"Ai ba ka gani ba."

"Ba sai na gani ba," in ji Tartsatsi. Ya karɓi ledar daga hannunta. "Yaya, abokin nan naka da ya ƙona mini inji, a ina zai aro mini wani?"